Sai An Yi Gawa Ake Tunawa Da Makarantun Yara

A watan Janairun 2022, bayan an tono gawar yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe a Kano, gwamnatin jihar ta janye lasisin duk makarantun kuɗi, wai sai an sake tantance su. Aka yi ta kumfar baki a gidajen rediyo. To wa ya ba mutumin izinin tara 'ya'yan jama'a tun farko? Ihu bayan hari ke nan.

Kada wani ya ce mana doka ce babu. Dokar UBE ta 2004 ta sa rainon ƙananan yara cikin ilimin bai-ɗaya. A 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da sharuɗɗan da dole kowace cibiyar raino ta cika. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce mai raino ɗaya yara goma, malamin nazire kuma yara 25. Duk suna nan a takarda, ƙura ta rufe su.

Shiga lungu ka gani da idonka. Garejin mota ne aka shafa wa fenti, aka zana tuffa da ƙwallo a bango. Rufin kwano, taga ɗaya, yara maƙil suna ta gumi. Fo guda a bayan ƙofa, ƙuda na bin sa, gefensa kuma kwandunan abincin yara. Mai kula da su, wadda suke kira anti, bara ta gama sakandare, albashinta ba ya sayen buhun shinkafa, in ma an biya ta. Yaro ya shiɗe, ba ta san abin yi ba sai salati. Ban ga laifinta ba, wa ya koya mata?

Laifin na masu zuwa duba makarantu ne da waɗanda suka turo su. Da yawansu iyakarsu ofishin mai makaranta: a sha lemo, a tambayi rasidin kuɗin sabunta rajista, a shige mota. Haraji suka zo karɓa, ba yara suka zo gani ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, gwamnatin da ke barazanar rufe makarantun mutane, nata ajin share fagen firamaren ya fi muni. Kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ake ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya, UBEC, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, jihohi da dama kuwa sun bar kuɗin jibge a Abuja. Uwar da ke fita aikin asibiti ko kasuwa tun da sassafe, ina za ta kai ɗanta in ba garejin nan ba?

Kwamishinonin ilimi su liƙa sunayen makarantun da ke da rajista a kowace mazaɓa, da ranar da aka duba kowacce, da sunan jami'in da ya sa hannu. Ranar da aka samu matsala, da shi za a fara.