FILIN MATA: Launi Uku Iyayen Sauran Launuka



Ran nan a aji ɗaya na ɗaga wani zane shuɗi, na tambayi yara launinsa. Sai suka ce baki ɗaya, "Baƙi ne, Malama!" Ban ga laifinsu ba, gama haka suka ji ana kiran zanen baba a gida. Amma yarinyar da ta tashi ba ta rarrabe shuɗi da baƙi za ta sha wuya wajen duban taswira, da ɗinki, da saƙa. Gyaran wannan kuwa aikinmu ne, mu iyaye mata.

Ku sani launuka uku su ne iyaye, watau ja, da rawaya, da shuɗi. In an gama biyu daga cikinsu sai su haifi wani. Rawaya da shuɗi su ba da kore. Ja da rawaya su ba da ruwan goro. Ja da shuɗi su ba da shunayya.

Kada wata ta ce ba ta da kuɗin fenti. Kome yana kasuwar Wurno, da ta Rabah, da ta Goronyo. Ki jiƙa karan dafi, wanda dukawa ke rina fatar jar akuya da shi, ga ja. Ki dama garin gangamau, ga rawaya, amma kada kanwa ta taɓa shi, sai ya juye ja. Ki narka bular wanki, ga shuɗi. Ki zuba kowanne cikin ƙoƙonsa, ki tattauna bakin asawaki ya zama abin shafawa, ki ba yarinya farar takarda ko tsohon farin ƙyalle.

To, ga inda hikimar take. Kada ki gaya mata abin da zai fito. Ki bari ta ɗiga rawaya bisa shuɗi da hannunta, ta ga kore ya bayyana, sa'an nan ki tambaye ta ina ta taɓa ganin irinsa. Za ta ce ganyen albasa, ko shinkafar fadama. Daga nan ta zana tutar Nijeriya, wadda aka fara ɗagawa a 1960, kore da fari da kore. Abin da yaro ya gano da kansa ba ya mantawa. Sai dai a kula kada ƙanana su kai bula baki.

Wata za ta ce wannan wasa ne. Mu tuna Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa aika jajis ƙauyuka su koyar da mata cikin gidajensu, tana naɗa musu malfa da jan ƙyalle. Ashe tsakar gida makaranta ce tun dā.

Ku 'yan makaranta kuma, ku koya wa ƙannenku ran Asabar. Wadda ta gwada ta rubuto mini abin da ya fito in an gama ukun duka wuri ɗaya.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, amin.