Katsina: Bindigar kafaɗa da ta cikin riga

Tun da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, ganin matashi rataye da bindiga ya zama ruwan dare a ƙauyukan Katsina. Da yawa na samun natsuwa, domin sun san mai ita da wanda ya ba shi. Ƙaramar bindigar da ake sokewa a ƙugu kuwa zargi take jawowa, tunda dokar makamai ta 1959 ta haramta ta sai da lasisin shugaban ƙasa.

Sai dai ɗan fashin daji ma a fili yake rataya tasa. Don haka natsuwar za ta ɗore ne kawai idan akwai hukumar da za ta tuhumi duk wanda ya harbe marar laifi.