Filin Malamin Makaranta: Haƙuri Daban, Hakki Daban

A wannan wata za mu tsaya ne a kan wani abu da ya faru kusa da mu, wanda har yanzu yake ci mana rai.

Da aka dawo hutun Kirsimeti, muka ga babu wata yarinya a cikin ajinmu. Da muka bi sawu har gida, sai muka tarar da mahaifinta, wani magini, kwance a kan tabarma. Ashe motar haya ce ta buge shi yana kan keke. Kashegari mai motar ya zo da dattawa biyu, aka ba da haƙuri, aka ce tsautsayi ne, aka miƙa masa 'yan kuɗi, kana aka sa ya dangwala hannu a wata takarda wadda ba a karanta masa ba. Aka kai shi wurin mai ɗori. Bayan wata uku ƙafar ta ƙi, likita ya ce sai an yi aiki. Kuɗin sun ƙare tuntuni, aikin gini ya tsaya, yarinya kuwa tana tallar ƙosai. Da aka koma wurin mai mota, sai ya fito da takardar, ya ce ai an riga an gama magana.

Ba mu ce yafewa laifi ba ne, ko kusa. Amma yafe wa direba a zuci abu ɗaya ne, barin hakkin 'ya'yanka kuma wani abu ne. Ko a Littafin Fitowa sura 21, wanda ya ji wa wani rauni an ɗora masa biyan kwanakin da mutumin ya yi ba aiki, da ɗawainiyar jiyya har ya warke. Neman diyya ba ramuwa ba ce.

Ga abin da yawancinmu ba mu sani ba. Tun 1945 aka yi doka a Nijeriya cewa kowace mota da za ta hau hanya sai tana da inshorar da za ta biya wanda ta ji wa ciwo, tilas ɗin kuwa yana nan har yau. Daga 1 ga Janairu 2023 aka mai da kuɗin wannan inshora na ƙaramar motar gida naira 15,000 a shekara, maimakon naira 5,000, kuma abin da kamfani zai iya biya na ɓarnar dukiya ya tashi zuwa naira miliyan 3. Rauni da rai kuwa lissafinsu daban ne. Watau sau da yawa ba aljihun direban nan da muke tausayi za a taɓa ba. Kamfanin da ya karɓi kuɗi domin irin wannan rana shi ne zai biya. In muka ce mun bar wa Allah, kamfani muka yi wa kyauta.

To, in hatsari ya auku, me ya kamata a yi?

Da farko, a nufi asibiti. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin duba wanda yake cikin halin gaggawa, ko da wane dalili, kuma ta sa tara ko ɗauri a kan wanda ya ƙi. Hukumar kiyaye haɗura, wadda aka kafa a 1988, tana da lamba 122 da ake kira kyauta. A adana katin asibiti, da hoton ƙashi, da rasidin kowane magani. Wanda ya tsaya ga mai ɗori kaɗai ba shi da takardar da zai nuna wa kamfani ko alƙali.

Na biyu, wani ɗan'uwa ya rubuta lambar motar, da sunan direba da na mai ita, da sunan kamfanin inshorarta. A ɗauki hoto da waya kafin a janye motar. A nemi sunayen mutum biyu ko uku da suka gani da idonsu, gama bayan mako guda kowa zai ce ba ya wurin.

Na uku, a kai rahoto wurin 'yan sanda, a kuma nemi kofen rahoton. Amma a lura: ƙarar da hukuma take kai direba saboda tuƙin ganganci daban take da ƙarar neman diyya. Tarar da alƙali ya ci direba ta gwamnati ce. Kuɗin jiyya, da na kwanakin da aka rasa aiki, da na naƙasa da wahalar da aka sha, sai mai rauni ya nema da kansa. In rai ya fita, mata da 'ya'ya da iyayen da mamacin yake ciyarwa suna da ikon nema. Ko da shi ma mai raunin yana da nasa kuskure, kotu takan rage diyyar ne gwargwadon laifinsa, ba ta hana shi duka ba.

Na huɗu, kada a sa hannu a kan kome sai likita ya faɗi iyakar raunin, kuma wani amintacce ya karanta takardar da ƙarfi. Sulhu alheri ne, kotu ma tana son sa, amma sulhun da aka yi kafin a san zurfin ciwo, cuta ce.

Na biyar, kada a yi nawa. Kowace jiha tana da wa'adin shigar da ƙara, in ya wuce an rufe ƙofa. In kuwa ma'aikacin gwamnati ne ya yi ɓarnar yana bakin aiki, dokar da take kare su wata 3 kacal ta bayar.

Wanda ya ji rauni a wurin aiki yana da tasa hanyar. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa maigidan aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun da hukumar NSITF take riƙe da shi, ba a kuwa cire shi daga albashin ma'aikaci. Mai rauni ya sanar da maigidansa cikin kwana 14, a kuma shigar da neman diyya cikin shekara 1. Har hatsarin da ya same shi tsakanin gida da wurin aiki yana ciki. Dokar ta kuma ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da maigidansa ta barin wannan hakki, banza ce.

Wani zai ce, ina talaka ya ga kuɗin lauya? Akwai hukumar ba da taimakon shari'a kyauta, wadda aka kafa a 1976, kuma neman diyyar hatsari yana cikin ayyukan da doka ta ba ta domin marasa hali. A tambayi ofishinta a babban birnin jiha.

Maginin nan, mun raka shi wurin lauya, ana duba ko takardar da ya dangwala za ta tsaya, tun da ba a karanta masa ba. Zumuntar mata ta ɗauki kuɗin makarantar yarinyar na wannan zango, ta kuwa dawo aji. Muna roƙon dattawan da akan kira sulhu, in an kira ku, ku fara tambaya: ina takardar inshora, me kuma likita ya ce? Sa'an nan a ba da haƙuri.

Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.