Tsadar tsohuwar bindiga: tsoro ne ake sayarwa

Kwanan baya a wata majalisar hira cikin Birni, bayan sallar isha'i, na ji wani magidanci yana cewa zai sayar da sansa na noma ya nemi ƙaramar bindiga, ko da ta sha hannu, "tun ba ta ƙara tsada ba". Babu wanda ya tanka masa. Wannan shirun ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Gaskiya ne, tsohuwar bindiga takan yi tsada idan hankali ya tashi. Amma ƙarfenta bai sake ba, tsatsarta ma ba ta ragu ba. Masu nema ne suka ƙaru. Mun san irin wannan a kasuwar Dole. Da ruwa ya ɗauke tsakiyar damina, sai tiyar hatsi ta hau, mai rumbu ya rufe rumbunsa, kowa ya ruga saye don gudun gobe, rugawar kuma ta ƙara tsadar.

Ko a Amurka, inda doka ta yarda a sayar da bindiga a kanti, haka aka gani. A shekarar 2020, lokacin annobar korona da tarzoma a birane, hukumar FBI ta yi bincike kusan miliyan 40 kan masu neman makami. Sababbin bindigogi suka yi ƙaranci, masu saye suka koma ga tsofaffi, kuɗinsu ya tashi.

Tsoron mutanenmu ba na banza ba ne. Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 makaman Libiya suka bazu cikin Sahara. A watan Fabrairu na 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Difa, muka ga ƴan gudun hijira a nan Damagaram. Ɓarayin daji sun addabi ƙauyukan Maraɗi na bakin iyaka. A ƙetare kuwa, cikin 2022, gwamnatin Zamfara da kanta ta ce wa jama'a su nemi bindiga.

Duk da haka, ina ganin mai saye asara yake yi har sau uku. Na farko, tsadar kira ce ga ɗan fasa-ƙwauri: inda riba ta yi yawa, can kaya suke kwarara, kuma wanda ya sayar maka yau shi zai sayar wa ɓarawo gobe. Na biyu, riƙe bindiga ba da izinin hukuma ba laifi ne a ƙasarmu. Ka ba da sanka, ka sayo wa kanka gidan kaso. Na uku shi ya fi muni. Hatsin da aka saya da tsada ana cinye shi, bindiga kuwa tana nan. Ranar da hankali ya kwanta kuɗinta ya faɗi, sai ta tafi da araha hannun ɗan fashi, ko ta fito a rikicin gona da kiwo, ko yaro ya tsince ta ƙarƙashin gado.

Wani zai ce kakanninmu ma sun tara bindiga. Haka ne. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya gina ganuwar Birni, ya sa aka ƙera igwa, aka haɗa albarushi, aka sayo bindigogi daga Tarabulus. Amma makaman na rundunar sarki ne, don tsaron gari baki ɗaya. A zamaninmu kuma, tun 1994 ƙasa ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai, kuma ran 25 ga Satumba 2000 aka ƙone bindigogi fiye da 1000 a Agadas. Kada tsoro ya sa mu sayo abin da muka ƙone.

Ga mahukunta, maganata ɗaya ce: tsadar bindiga ma'aunin tsoron talaka ce. Idan ƙauye ya yi kira jandarma suka zo da wuri, idan aka faɗa wa jama'a gaskiya kafin jita-jita ta riga, kasuwar nan za ta mutu da kanta. Ga magidancin nan kuwa, malam, riƙe sanka, damina na tafe. Abin da ka gani ba ka yarda da shi ba, kai wa mai unguwa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.