DANDALIN 'YAN MATA: Kin Sha Zuwa Kano, Amma Kin Taɓa Hawa Dala?

 

Wasiƙun da suka taru mini a wannan karon yawancinsu daga ƙasar Gumel suka fito, wato Gumel ɗin kanta da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma kamar haɗin baki, tambayar kusan guda ce: mun yi ɗan adashinmu, muna da hutun kwana biyu, ina za mu je mu buɗe ido? Wata 'yar aji biyar har cewa ta yi ita tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin dutse ba sai na niƙa. Na yi dariya har da ƙwalla, amma fa gaskiyarta ne, domin ƙasar Lautai shimfiɗaɗɗiya ce, rairayi ne iyakar ganinki, ba a banza aka raɗa wa jihar suna Jigawa ba lokacin da aka cire ta daga Kano a 1991.

To amsata ita ce Kano. Na san yanzu wata za ta taɓe baki ta ce haba Anti, Kanon da muke zuwa kullum? Tsaya tukuna. Ina kike zuwa in kin je? Kantin Kwari sayen atamfa, Sabon Gari sayen kayan ɗaki, ko kuwa dubiya asibiti. Mu a wajenmu ma da an ce "an kai wane Dala", to karaya ce, asibitin ƙashi ake nufi. Dutsen da ya ba asibitin da unguwar suna yana nan tsaye a cikin birni, kina wuce shi a cikin A Daidaita Sahu kina ta danna waya, alhali daga gindinsa Kano ta tsiro.

Bari in ɗan gutsura miki labarinsa, don idan kin hau ki san abin da kike takawa. Masu tonon tarihi sun samu alamun narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7, kin ga ke nan mutane sun fi shekara 1,300 suna zaune a nan. Littafin Tarihin Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya juya shi zuwa Ingilishi a 1908, ya ce wani ƙaƙƙarfan maharbi ne mai suna Barbushe yake zaune a kan dutsen, shi ne mai kula da abin bautarsu, Tsumburbura, wadda take cikin wata bishiya da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi kaɗai. Kwana biyu kacal yake saukowa a shekara. Ranar kuwa jama'a za su taru daga ko'ina da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, shi kuma ya shiga da dare ya fito ya faɗa musu abin da zai auku a shekarar. An ce har ya gaya musu wani baƙo na nan tafe da zai mallake su. Baƙon shi ne Bagauda, wanda ake lissafa sarautarsa daga shekarar 999.

Na san abin da Gwaggo za ta ce da ta ji wannan: wurin tsafi za ku? Ki kwantar mata da hankali. Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, shi ya fasa waccan katanga. A zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, malaman Wangarawa suka iso daga ƙasar Mali, sarki ya karɓi salla, kuma zuriyar malantarsu ce ta kafu a unguwar Madabo, nan kusa da dutsen. Yau in kin tsaya a ƙolin Dala lokacin salla, kiran salla ne zai taso miki ta gabas da yamma, kudu da arewa, har ki rasa na wane masallaci za ki amsa. Kallo da ɗaukar darasi za su kai ki. Amma idan wani ya raɓo ki ya ce ki ɗebi ƙasar wurin ki ƙulle a bakin zani wai don farin jinin samari, ki ce a'uzubillahi ki yi gaba, ɗan damfara ne.

Yanzu sai mu zo kan babbar maganar, wadda saboda ita ma na zaɓi in amsa waɗannan wasiƙu a fili maimakon ɗaya bayan ɗaya. Da wa za ki tafi? Ƙanwata, ki buɗe kunne da kyau. Saurayin da ya ce miki ki ce a gida za ki bikin ƙawarki, shi kuma zai tare ki a tasha ya zaga da ke gari, wallahi ba masoyinki ba ne, ko da kuwa ya kai kuɗin gaisuwa. Kano ba ta da nisan da za ki ɓuya. Direban da ya ɗauko ki ya san Babanki, mai sayar da ruwa a tasha 'yar unguwarku ce, kafin ki dawo ranar Lahadi labari ya riga ki isa gida, an ƙara masa gishiri da barkono. Shi gogan naki ba abin da zai same shi, gobe ma zai je zance wani gidan. Ke ce za a riƙa nunawa da baki a gidan biki, ke ce dangin wani za su ce sun yi bincike sun fasa. Kwana biyu na yawon buɗe ido bai kai ki sayar da mutuncin shekara goma sha bakwai ba. Wanda yake sonki da gaske ya yi haƙuri, in an ɗaura aure ya hau da ke Dala kullum in ya ga dama.

Hanyar da take ɓullewa ita ce ta ƙofar gida. Ku haɗu ku uku ko huɗu, kar ku wuce haka don taro ya fi ƙarfin masaukin mutane. Ki fara samun Inna, ita ta san lokacin da Baba yake da sakin fuska, yawanci bayan ya ci tuwon dare. Kada ki je masa da "muna so mu je yawo". Ki je da magana a ɗaure: gidan Gwaggo wance za mu sauka, Yaya wane ne zai raka mu, ranar Juma'a za mu tafi, Lahadi kafin la'asar muna gida, ga kuɗin motarmu mun tara. Uban da ya ji an tsara abu haka ya fi saurin cewa Allah ya kiyaye hanya. In kuwa ya ce a'a, to a'a ɗin ce, ki ce to Baba, ki bari sai wani hutun. 'Yan makarantar kwana kuma ban ce ku tsallake katanga ba, ku jira hutun tsakiyar zango.

Ki sa a sanar da masaukinku tun da sauran mako guda, rayuwar birni ba ta son baƙon ba-zata. Kuma kar ku je hannu na dukan cinya. Allah ya hore muku riɗi da zoɓo, waɗanda daga Maigatari ake lodinsu har ƙasashen waje, ki auna kwano guda-guda, in da hali a ƙara da ɗan man shanu, za ki ga yadda Gwaggo za ta washe baki.

Batun rana. Kasuwar Maigatari Alhamis take ci, saboda haka daga yammacin ranar har wayewar Juma'a manyan motocin shanu ne a kan hanya, ku bar su su wuce. In ba makaranta, ku haɗu a tashar Gumel da hantsin Juma'a, ku 'yan Gagarawa da kuke kudu kun ma rage hanya. Tafiyar ta haura kilomita 100, ki ƙiyasta awa biyu zuwa uku, ta Gujungu da Gezawa, a sauke ku 'Yankaba. Ku yi ƙoƙari ku shiga gida kafin a fara tare tituna don sallar Juma'a. Sai kuma abin da baƙi da yawa ba su sani ba: Asabar ɗin ƙarshen wata ana tsaftar muhalli a Kano, ba a zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, kuma wannan shi ne daidai lokacin hawan dutse. Ku kauce wa wannan makon. A cikin shekara kuwa kaka ta fi, Oktoba zuwa Nuwamba. Da damina akwai santsi, da hunturu hazo zai rufe miki garin ki sha wahalar banza, da bazara kuwa ko maƙiyinki ba kya so ya hau.

Ranar Asabar ku karya da wuri, ƙarfe 7 ta yi muku a gindin dutse. Tsayinsa mita 534 ne daga doron teku, amma kar lissafin ya tsorata ki, garin kansa a tudu yake, kuma akwai matakala ta siminti, 'yan mintoci ne kin kai. Takalmi mai tsini dai a bar shi a gida, a sa silifas mai kama ƙafa ko kambas ɗin makaranta. Hijabi ya zama wanda ba ya jan ƙasa, ki sa wando a ƙarƙashin zani domin iskar sama ba ta da kunya. Ki riƙe ruwanki. Jar ƙasa ce da tsakuwa, ba a zuwa gefe don ɗaukar hoto, ba a kuma wasan ture-ture. Kuma maganar ƙwacen waya a Kano ba tatsuniya ba ce: ki ɗauki hotonki ki mayar da ita jaka, kar ku raba hanya da Yaya, in an samu ɗan gidan Gwaggo da ya san unguwar ya fi, kuma ko kusa kada ku yarda magariba ta same ku a can.

In kin kai sama, ki yi shiru na ɗan lokaci kafin surutu. Ga tsohon birni nan a ƙarƙashinki, lunguna sun sarƙe kamar kitson shuku. Ki nemo koren tulluwar babban masallacin Juma'a da hasumiyoyinsa biyu, ginin farkon shekarun 1950 ne, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Kusa da shi Gidan Rumfa ne, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya gina, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma a zamaninsa ne Shehu Magili ya zo Kano. Ta yamma kuma ga ɗan'uwan Dala can, Gwauron Dutse. Ki lura da ragowar ganuwa, wadda Sarki Gijimasu ya fara tun wajen shekara 900 da suka wuce. Abin takaici, wurare da yawa an cinye ta da gini da ɗibar ƙasa, wanda duk ya gani sai ransa ya sosu. Ki kalle ta da kyau, ba lalle 'ya'yanki su tarar da abin da kika tarar ba.

Daga nan sai Kasuwar Kurmi, ita ma ta zamanin Rumfa ce, an kafa ta ne a bakin Jakara, inda a da kurmi ne mai baƙin ruwa da mutanen Barbushe suke girmamawa. Nan ne wurin jakar fata da murjani da kwalli da kayan ƙamshi. Ki taya rabin abin da aka faɗa miki, ki yi kamar za ki tafi. Amma tun daga gida ki ware kuɗin motar komawa ki ba Yaya ya riƙe, na san halinku da 'yan kunne. A nan Jakara kuma za ki ci gurasar da ake ba ki labari, bandashe da ƙuli da mai, ki ajiye sunan tsaraba a ranki sai gobe da safe a sayo sabuwa.

Bayan azahar, in ƙafa ba ta gaji ba, Gidan Makama na nan daf da fada. A aika tun ranar Juma'a a tambayo lokacin buɗewarsu. Ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan bayan shigowar Turawa a 1903, har da ɗakin amarya irin na da, da jeren tasoshi da ƙore, ki gwada da naku na yanzu ki sha mamaki. Ki tambayi mai yi muku bayani labarin Madaki Auwa, matar Rumfa, uwar Sarki Abdullahi kuma kakar Sarki Kisoke, macen da maganarta take da nauyi a fada, domin sau da yawa sai an tambaya ake tunawa da matan. In da sauran rana ku leƙa marinar Ƙofar Mata kusa da asibitin Murtala, wadda masu ita suke cewa tun 1498 ake rini a cikinta da baba da toka. Ku nemi izini kafin ku ɗauki mutum hoto yana bakin aikinsa.

Gidan Zu da manyan kantunan zamani da dutsen Fanisau da dam ɗin Tiga duk a bar su sai wani jiƙon. Mai son ya ga komai a wuni ɗaya ciwon ƙafa kawai yake kaiwa gida.

Lahadi ku yi sammako. Ku gyara ɗakin da kuka kwana, ku wanke kwanukan karin kumallo, ku durƙusa ku yi wa Gwaggo da maigidanta sallama. Kasuwar Gujungu ranar take ci, in rana ta ɗaga hanya takan cushe a wurin, don haka motar farko ta fi, ku isa gida da sauran lokacin wankin kayan makaranta. Wadda ta je ta dawo ta rubuto mini abin da ta gani, da kuma yawan matakalar da ta ƙirga, domin na lura kowa da adadin da yake faɗa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku gaida su Inna.

Taku har kullum,
Antinku