A Koya wa 'Yan Rediyo Lissafin Kasuwa

'Yan'uwa fatake da dillalai. Duk wanda ya san rayuwarmu ya san ba ma rabuwa da rediyo. Yana rataye a kafaɗar makiyayi a daji, yana gaban mota in mun ɗora shanu za mu Maigatari ko Illela. Abin da mai labarai ya faɗa da safe, kafin azahar ya zama farashi a kara. Shi ya sa muke ganin muna da ta cewa a kan irin ilmin da ake ba masu wannan aiki. Ra'ayinmu shi ne a koya musu lissafin kasuwa da na kuɗi tun suna makaranta, kamar yadda ake koya musu riƙon makirfo.

Mu fara da ƙidaya. A nan Nijar dala ɗaya sefa biyar ce, jika kuwa sefa dubu. Amma sau nawa muka ji an fassaro labari daga Faransanci an ce "dala dubu" alhali sefa dubu ake nufi? Mai saurare a ƙauye ya ninka biyar ke nan. Wata rana kuma a ce dala ba a ce ta Amurka ba ce, tsoho ya zauna yana mamakin arhar duniya.

Na biyu, farashi daban, riba daban. Da layya ta gabato sai a ji ana cewa dabbobi sun yi tsada, fatake sun samu. Ga misali, mu ƙaddara. Ka sayi sa jika 300 a Maraɗi. Kuɗin mota, da na duwan, da la'ada, da dusa sun ci jika 30. Ka sayar a Najeriya, ka canza naira ta ba ka jika 350. Ribarka jika 20. Tafiya ta biyu farashi ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar a naira, amma kafin ka isa wurin 'yan canji naira ta zubar da rubu'in darajarta. Abin da zai shigo aljihunka jika 315 ne. Fitar da kuɗin hanya, ka ga ka ci uwar kuɗi da jika 15. Rediyo ya ce farashi ya hau, kuma bai yi ƙarya ba. Amma kai ka dawo gida da asara, maƙwabta na yi maka kallon mai rowa.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Bayan da Najeriya ta saki naira a watan Yuni 2023, dalar Amurka da ake canzawa kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,400 a farkon 2024. Dattawanmu kuma ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Maganin dabbobi da ake shigowa da shi ya yi tsada, amma shanun Sahel sun samu shiga a kasuwannin bakin teku, don naman Turai mai ƙanƙara ya daina arha. Abu ɗaya, fuska biyu. Ɗan jaridar da ya san lissafi zai faɗa wa mutane duka biyun, kowa ya san inda zai sa ƙafa.

Na uku, akwai ma'aunin da makiyayi ke amfani da shi wanda ba kasafai muke jin sa a labarai ba: tunkiya ɗaya tiya nawa ta hatsi za ta sayo? A yunwar 2005 hatsi ya hau, dabbobi suka faɗi, mutum ya sayar da biyu ko uku kafin ya samu abin da ɗaya ke sayo masa a da. Duk mai labaran da ke bibiyar wannan ma'auni zai hango wahala tun tana nesa, ya yi shela kafin garke ya ƙare.

Sai batun aljihunsu su kansu. Da yawa daga cikin wakilan ƙananan gidajen rediyo albashinsu kaɗan ne, wani lokaci ma ba ya zuwa a kan kari. Wanda bai iya tsara ɗan abin da ya samu ba, ba adashi, ba ajiya, bashi ya yi masa katutu, shi ne mai babbar riga zai miƙa wa na goro ya juya masa harshe. In an koya masa raba na cefane da na ajiya, da gane kuɗin ruwan da ke cikin rance, an kare masa mutunci, mu ma an kare mana gaskiyar labari.

Wani zai ce ɗan jarida ba ɗan kasuwa ba ne, me ya kai shi? Ai ba mu ce ya zama dillali ba. Cewa muka yi ya fahimci abin da yake karantawa. Makarantun koyon aikin jarida irin ta Yamai suna iya ba wannan darasi wuri mai kyau, kuma a yi shi har da harsunan gida, tunda da su ake yi wa talaka magana.

Mu ma da namu laifin. Mun saba ɓoye ciniki cikin hannun riga, ɗan jarida ya tambaya mu ce "sai godiya". To ina zai samo gaskiya? Shawararmu ga rassan ƙungiya ita ce kowane reshe ya gayyato wakilan rediyon yankinsa ranar kasuwa, su wuni tare da mu tun daga sauke shanu har biyan la'ada, a buɗe musu littafi su gani da idonsu. Gani ya kori ji.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu a hanya. Wassalam.