FILIN GYARAN GIDA: Ina Tayil Ɗin Kicin Zai Tsaya?

A wannan karo wata 'yar gardama ce ta cikin gida na kawo maku, wadda aka kira ni rabo, na kuwa tabbata ba a gidanmu kaɗai ake yin irinta ba.

Ƙanwata da mijinta suna zaune a Aboabo cikin Kumasi, inda suka kama ɗaki biyu da falo da ɗan kicin. Bayan sun biya kuɗin haya na shekara biyu, sai suka ce ɗan abin da ya rage za su sa wa bangon kicin tayil da shi, domin fentin da ke bayan murhu duk manja ya ɓata shi. Ita ta ce sai dai a bi bangon nan huɗu duka, daga ƙasa har silin, kamar yadda ta gani a gidan wata ƙawarta da mijinta ke Jamus. Shi kuwa ya ce layi ɗaya ya isa. Mai sa tayil yana tsaye da tef a hannu, ya goyi bayan uwargida, ba kuwa abin mamaki ba ne tun da yake da yawan mita ake biyansa. Da magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai ta bugo mani waya ta ce, "Yaya, zo ka raba mu, mutumin nan so yake in ƙare kwanana ina kankare bango."

Da na je na ce masu ni ba zan yanke hukunci ba, bangon ne zai yanke. Muka samo tsofaffin jaridu muka manna su da salatif, daga kan dakalin girki har sama iyakar inda hannu ya kai, haka kuma a bangon gefe da bayan famfo. Na ce ta yi girkinta na mako guda yadda ta saba, ta soya ƙosai da kifi, ta yi miyar manja, ta tuƙa tuwo, kada ta rage komai. Ranar da mako ya cika muka taru muka duba. A bayan murhu takarda ta jiƙe sharaf da mai daga ƙasa, ɗigo-ɗigo kuma ya hau har kusan kamu uku da rabi. Bangon da ke gefen murhu, wanda ba wanda ya ko ambace shi a gardamar, shi ma ya sha nasa rabon. Bayan famfo ruwa ya fantsama kamar kamu biyu. Sauran bango biyun kuwa tas suke, ko ɗigo babu.

To, a nan maganar take. Aikin wannan tayil shi ne ya tare mai da ruwa, domin a goge da tsumma a wuce. Inda fantsama ta tsaya, nan aikinsa ya ƙare, abin da ya wuce nan ado ne. Ado ba laifi ba ne ga mai hali, amma ya kamata mutum ya san wanne yake biya wa kuɗi.

Bari mu yi lissafi. Dakalin girki yawanci tsayinsa daga ƙasa santimita 90 ne, tsakaninsa da kabad ɗin sama kuma akan bar santimita 45 zuwa 60. Idan tsawon dakalin mita 3 ne, aka hau santimita 60, abin da za a rufe bai cika murabba'in mita 2 ba. Da tayil mai faɗin 30 da tsawon 60, layi biyu ke nan, guda biyar-biyar, ba sai an yanka ko ɗaya ba. A ƙara na bayan murhu da na bangon gefe, duka-duka a tashi a murabba'in mita 3. Amma kicin mai mita 3 da mita 2 da rabi, wanda silin ɗinsa ya kai mita 3, idan za a bi bangonsa huɗu, ko an cire ƙofa da taga sai an ci kusan murabba'in mita 30. Ninki goma ke nan, a tayil, a siminti, a ladan mai aiki. Da ƙanwata ta ji haka sai ta yi shiru, domin ta san kuɗin makarantar yara na nan tafe. Mijin ma bai samu bakin dariya ba, don layinsa ɗaya ko rabin inda mai ya kai bai rufe ba.

Sai dai sanin inda mai ya tsaya bai wadatar ba, sai an san inda ido zai yarda a tsaya. Tayil da ya yanke a tsakiyar bango haka kawai, kullum kamar kuɗi ne suka ƙare. A nemar masa iyaka da ke nan tun asali, wato kusurwar ɗaki, ko ƙarshen dakali, ko ƙarƙashin kabad, ko bakin taga. Idan babu kabad a sama, a tsaya a kan cikakken tayil, kada a ɗora wani siririn yanki a kai. A bayan murhu a ƙara layi ɗaya bisa na sauran wuri. Idan murhun yana kusurwa, lallai a juya da tayil ɗin zuwa bangon gefe gwargwadon faɗin dakalin, domin nan ne wurin da kowa ke mantawa, nan ne kuma ya fi yin baƙi. Daga inda tayil ya ƙare zuwa silin, fentin mai ya isa, shi ma yana wankuwa.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: a ina ake ainihin girkin? Gidaje da yawa a zangunanmu, daga Nima har Tamale, kicin na ciki na dafa shayi ne da ɗumame, amma babbar suya da tuƙin tuwo a waje ake yi a kan kurfoti. Wadda haka ne nata, bangon barandar ya fi bukatar tayil a kan na ciki. Mai girki da gawayi a cikin ɗaki kuwa, baƙin da take gani a sama hayaƙi ne, maganinsa taga da iska, ko ta kai tayil silin ba ta tsira ba.

Ga ɗan haya maganar ta fi nauyi. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma kowa ya san shekara biyu masu gidaje suke nema. Ranar da wa'adi ya cika aka ƙara maka kuɗi ka tashi, za ka ɗauki katifarka da tukunyar gas, tayil kuwa ya zama na mai gida, har ma ya kafa hujja da shi ya tsawwala wa mai shigowa. Saboda haka kafin a kwaɓa siminti a nemi izninsa, idan ya yarda za a cire daga kuɗin haya a rubuta a takarda da shaidu. In bai yarda ba, a yi na larura kawai.

Abubuwa kaɗan kafin a fara. A taɓa bangon, musamman yanzu da muka san ruwan Kumasi sau biyu yake sauka a shekara. Idan yana tsattsafo da danshi ko shafensa na zubowa, a gyara wannan tukuna, in ba haka ba tayil zai riƙa ƙara kamar ganga, daga baya ya ɓalle. A gama aikin waya da soket da bututun ruwa kafin a lulluɓe su. A zaɓi tayil mai santsi, don mai kaushi maiƙo yake riƙewa, kuma manya sun fi ƙanana, domin a tsakanin tayil da tayil ne manja ke zama ya rine farin siminti. A sayi ƙarin kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, a kuma duba lambar da ke jikin kwali ta zama ɗaya, don ko na masana'antunmu na wajen Takoradi ne, ko na waje, launi yakan ɗan bambanta daga gashi zuwa gashi.

A ƙarshe dai layi biyu aka yi a tsawon dakali, uku a bayan murhu, aka juya kusurwa, sama kuma aka shafa fentin mai. Abin da ya yi saura aka gyara tagar da ta ƙi buɗuwa. Mai sa tayil ne kaɗai ya tafi yana gunaguni. Da na koma cin tuwon sulhu, ƙanwata ta ce, "Yaya, ai da ma abin da na faɗa ke nan tun farko." Mijinta ya dube ni, na dube shi, muka ci gaba da cin tuwonmu.

Duk mai shirin irin wannan aiki, ya fara da tsohuwar jarida da mako guda na haƙuri. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, ku huta lafiya.